Kuɗin Yaƙi da Ribarsa: Lissafin Amurka Daga Bagadaza Zuwa Agadez



 An nemi in yi magana a kan dukiyar da ƙasashe ke zubawa a harkar soja, da yaƙe-yaƙen da sukan tsallaka teku su je su yi a ƙasar wasu, mu ga ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Zan tsaya a kan Amurka saboda dalili biyu. Na farko, ita ce ta fi kowa kashewa. Na biyu, littafin lissafinta a buɗe yake: majalisarta da jami'o'inta da masu binciken kuɗinta sun wallafa abubuwan da a wasu ƙasashe ko tambaya ka yi a kansu sai a ce ka taɓa sirrin tsaro. Saboda haka duk alƙaluman da za ku ji yau, mafi yawansu daga bakin Amurkawa da kansu suka fito.

Maganar da nake so mu tashi da ita guda ce. Ƙasa tana saurin shiga yaƙi ne idan wanda ya yanke shawarar ba shi zai biya ba, kuma idan ranar biyan tana can nesa.

Girman kuɗin

Cibiyar SIPRI da ke birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, wadda ke bin diddigin kasafin soja a duniya, ta ce a 2024 ƙasashen duniya sun kashe dala biliyan 2,718 a kan soja. Kason Amurka kaɗai biliyan 997 ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku. China ce ke biye da kimanin biliyan 314, sai Rasha da kimanin 149. Ku haɗa na China da na Rasha, ba su kai rabin na Amurka ba.

Irin wannan adadi ba ya zama a kai, sai an fassara shi da abin da ido ke gani. Wanda ya yi haka a fili ba ɗan zanga-zanga ba ne. Janar Dwight Eisenhower ne, wanda ya jagoranci rundunar ƙawance da ta sauka a gaɓar Normandy a 1944. Bayan ya zama shugaban ƙasa, a wani jawabi na watan Afrilun 1953, ya lissafa wa Amurkawa cewa kuɗin babban jirgin jefa bama-bamai guda ɗaya zai gina makarantar zamani a garuruwa fiye da 30, kuɗin jirgin ruwan yaƙi guda kuma zai samar wa mutum fiye da 8,000 muhalli. Da zai sauka daga mulki, ranar 17 ga Janairu, 1961, ya gargaɗe su a kan ƙawancen da ya ga yana ƙulluwa tsakanin rundunar soja da kamfanonin ƙera makamai, yana tsoron kada ya fi ƙarfin masu zaɓe.

Yadda wannan ƙawance ke aiki ba wani sihiri ba ne. Ku ɗauki jirgin yaƙi samfurin F-35 na kamfanin Lockheed Martin. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya ƙiyasta a 2024 cewa daga saye zuwa gyara da mai, shirin zai lashe fiye da dala tiriliyan 2 kafin a daina amfani da jirgin. Amma an rarraba ƙera sassansa a kusan dukkan jihohin ƙasar. Wannan jiha tana yin fukafuki, waccan tana yin injin, wata tana yin na'urorin lantarki. Duk ɗan majalisar da ya ce a rage kuɗin shirin, ya san cewa ma'aikatan mazaɓarsa ne za su rasa abinci, kuma su ne za su kada shi a zaɓe mai zuwa. Ga shi kuma tun 2018 ake yi wa ma'aikatar tsaro ta Pentagon cikakken binciken kuɗi kowace shekara, kuma shekara bayan shekara masu binciken suna tashi ba tare da sun iya sa hannu cewa lissafinta ya daidaita ba. Duk da haka kasafin ƙaruwa yake yi.

Farashin da aka faɗa da wanda aka biya

Mu zo kan Iraƙi. Wannan yaƙi ya taɓa mu tun kafin a harba harsashi ko ɗaya, domin da sunan Nijar aka ƙulla wani ɓangare na hujjarsa. An yi ta yaɗa cewa Saddam Hussein yana neman sayen ma'adinin yuraniyom daga Nijar don haɗa makamin nukiliya. A watan Fabrairun 2002 hukumar leƙen asiri ta CIA ta aika tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai. Ya gana da jami'ai, ya koma ya ce da wuya a ce irin wannan ciniki ya auku, musamman ganin yadda kamfanonin waje ke riƙe da ma'adinan. Duk da haka, a watan Janairun 2003 Shugaba George Bush ɗa ya ambaci batun yuraniyom daga Afirka a jawabinsa ga majalisa. A watan Maris, Mohamed ElBaradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun da aka dogara da su na jabu ne. Bayan ƙasa da mako biyu, ranar 20 ga Maris, 2003, aka fara ruwan wuta a Bagadaza. Makaman ƙare-dangin da aka ce Saddam ya tara, har yau ba a same su ba.

To nawa aka ce yaƙin zai ci? A watan Satumban 2002 mai ba shugaban ƙasa shawara kan tattalin arziki, Lawrence Lindsey, ya ce zai iya kaiwa dala biliyan 100 zuwa 200. Fadar White House ta ga ya zuzuta, kuma kafin shekara ta ƙare ya bar muƙaminsa. Ofishin kasafi ya ce biliyan 50 zuwa 60. Mataimakin sakataren tsaro Paul Wolfowitz ya faɗa wa majalisa cewa Iraƙi ƙasa ce mai mai, da kuɗinta za ta sake gina kanta. A 2008 Joseph Stiglitz, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, da Linda Bilmes ta Jami'ar Harvard, suka fitar da littafi suka ce tiriliyan 3 ne. Mutumin da aka ga ya zuzuta, ashe ko kusa bai je ba.

A 2021 masu bincike na Jami'ar Brown suka haɗa lissafin duk yaƙe-yaƙen da Amurka ta shiga bayan harin 11 ga Satumba, 2001, suka sami kimanin dala tiriliyan 8. Mutanen da suka mutu kai tsaye a fagen daga sun kai kimanin 900,000, waɗanda suka rasa muhalli kuma kimanin miliyan 38. Sojojin Amurka da aka kashe kimanin 7,000 ne. Ku dubi tazarar da ke tsakanin dubu bakwai da dubu ɗari tara, za ku ga a kan wa nauyin ya faɗa.

Yadda aka ɓoye takardar bashin

Yaya aka yi aka kashe wannan dukiya ba tare da talakan Amurka ya yi kururuwa da wuri ba? Akwai hanya uku, kuma a nan ne zuciyar laccar take.

Ta farko ita ce bashi. A lokacin yaƙin Koriya, Shugaba Truman ya ƙara haraji. A lokacin yaƙin Biyetnam, Shugaba Johnson ya ɗora ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan haraji a 1968, kowane mai albashi ya ji yaƙin a aljihunsa. Amma gwamnatin Bush rage haraji ta yi a 2001, ta sake ragewa a 2003 tana tsakiyar yaƙi biyu. Da rance aka yi yaƙin, kuma kuɗin ruwa kaɗai ya haura dala tiriliyan 1. Yaron da aka haifa bayan an rataye Saddam, shi ma yana cikin masu biya.

Ta biyu ita ce janye yaƙin daga idon jama'a. A zamanin Biyetnam ana ɗibar matasa aikin soja ne dole, kowane gida yana zullumin takardar kira, shi ya sa tituna suka cika da masu adawa yayin da gawarwaki ke ƙaruwa har suka kai kimanin 58,000. A 1973 aka soke ɗibar dole. Yau waɗanda ke sanye da kaki ba su kai kashi 1 cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba, kuma ayyuka da yawa, daga dafa abinci zuwa gadi da tuƙin tankar mai, an miƙa su ga 'yan kwangila, waɗanda mutuwarsu ba ta shiga jerin sojojin da suka kwanta dama. Binciken Jami'ar Brown ya nuna cewa cikin dala tiriliyan 14 da Pentagon ta kashe daga 2001 zuwa 2020, tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi aljihun kamfanoni ya shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta uku ita ce kula da 'yan mazan jiya. Likitancin fagen daga ya ci gaba, sojan da a da zai mutu yanzu yana rayuwa, amma babu ƙafa, ko da rauni a ƙwaƙwalwa, kuma gwamnati za ta ɗauki nauyinsa har ƙarshen ransa. An ƙiyasta wannan zai ci fiye da dala tiriliyan 2 zuwa 2050. Don ku ga tsawon wutsiyar yaƙi: yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, amma mutum na ƙarshe da ke karɓar fanshonsa, wata dattijuwa Irene Triplett, 'yar wani soja na wancan yaƙi, sai a 2020 ta rasu, tana karɓar dala 73 da 'yan kai duk wata. Akwai kuma asarar da kuɗi ba ya aunawa. Wani bincike na 2021 ya ƙiyasta cewa sojoji da tsofaffin sojojin waɗannan yaƙe-yaƙe fiye da 30,000 ne suka kashe kansu, wato ninki huɗu na waɗanda suka mutu a fagen daga.

Afganistan a kusa

Ranar 7 ga Oktoba, 2001 aka fara yaƙin Afganistan. Kafin shekarar ta ƙare an kori Taliban daga Kabul. Abin da ya biyo baya shi ne shekara ashirin na ƙoƙarin gina gwamnati, wanda ya ci kimanin dala tiriliyan 2.3. A 2009 ƙiyasin fadar shugaban ƙasa shi ne ajiye soja ɗaya a can na shekara guda yana cin dala miliyan ɗaya. Galan ɗin mai, kafin ya isa wasu sansanoni na cikin duwatsu, an ce yakan kai dala 400, saboda sai an bi da shi ta Pakistan da rakiyar masu gadi, wani lokaci a ƙarasa da shi a jirgi mai saukar ungulu.

Majalisa ta kafa ofishin sufeto na musamman don bin sawun kuɗin sake gina ƙasar, wanda John Sopko ya daɗe yana shugabanta. Rahotanninsa abin karantawa ne. An sayi jiragen dakon kaya 20 samfurin G222, tsofaffi da aka yi wa kwaskwarima a Italiya, a kan kusan dala miliyan 500. Ba su yi aikin kirki ba saboda rashin kayan gyara. Sha shida daga cikinsu suka yi ta zama a gefen filin jirgin Kabul, ciyawa na fitowa a ƙarƙashinsu, har aka yanka su aka sayar wa wani kamfani a matsayin tsohon ƙarfe a kan kimanin dala 32,000. A lardin Helmand an gina katafariyar hedikwata ta fiye da dala miliyan 30, bayan kwamandan yankin ya rubuta cewa ba ya bukatarta, kuma ba a taɓa shiga cikinta an yi aiki ba. An ɗinka wa sojojin Afganistan kaki mai zanen daji, a ƙasar da dajinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, abin da ya jawo ƙarin kuɗi har dala miliyan 28. An kashe fiye da biliyan 8 wajen yaƙi da noman tsiron da ake haɗa ƙwayar heroin da shi, amma a 2017 aka noma shi fiye da kowane lokaci a tarihi.

Mafi muni shi ne sojojin bogi. A takarda rundunar tsaron Afganistan ta kusa 300,000, an kuma kashe mata fiye da dala biliyan 80. A ƙasa kuwa kwamandoji suna karɓar albashin sunayen da babu masu su. Ranar 15 ga Agusta, 2021 Taliban suka shiga Kabul kusan ba tare da turjiya ba, suka gaji makamai na kimanin dala biliyan 7. Irin haka ta faru a Iraƙi: an rusa tsohuwar rundunar ƙasar a watan Mayun 2003, aka sallami dubun dubatar mutane masu horo da fushi, aka kashe fiye da dala biliyan 20 wajen gina sabuwa, ita kuma ta watse a Mosul a watan Yunin 2014 gaban mayaƙan ƙungiyar IS da ba su kai ta yawa ba.

Darasin a bayyane yake. Kuɗi yana iya rusa rundunar abokin gaba cikin makonni. Amma ba ya sa soja ya yarda ya mutu saboda gwamnatin da yake ganin ɓarayi ne ke cikinta. Tarayyar Sobiyet ta koyi wannan a ƙasar guda tsakanin 1979 da 1989, da asarar sojoji kimanin 15,000.

Shin babu riba ke nan?

Adalci ya sa mu saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasar da ba ta da ƙarfin kare kanta, tana zaune ne da izinin maƙwabcinta. A 1994 Yukren ta amince ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bisa alkawarin za a mutunta iyakokinta, kun kuma ga abin da ya same ta a 2014 da 2022. Koriya ta Kudu, da ba don yaƙin 1950 zuwa 1953 ba, da yau ba ta cikin ƙasashe masu arziki. Jiragen ruwan yaƙi suna tsare hanyoyin teku da kayan masarufin duniya ke bi. Intanet ma daga wani shirin bincike na ma'aikatar tsaron Amurka ta samo asali a 1969, haka na'urar GPS da ke nuna hanya a wayoyinmu.

Amma ku lura da abin da ya bambanta yaƙin da ya biya bukata da wanda ya zama rami. A 1991 Amurka ta fitar da sojojin Saddam daga Kuwait. Manufar a fili take, Kwamitin Sulhu ya amince, yaƙin ƙasa bai wuce sa'a 100 ba, kuma cikin kimanin dala biliyan 61 da aka kashe, Saudiyya da Kuwait da Japan da Jamus da wasu ƙawaye ne suka biya mafi yawa. Da aka cim ma manufar, Bush uba ya tsaya, bai nufi Bagadaza ba. Ba na wanke wancan yaƙi, domin takunkumin da ya ci gaba bayansa ya gasa wa talakan Iraƙi aya a hannu. Amma an san abin da aka je nema, an san ranar dawowa. A 2003 babu ko ɗaya.

Ga wani ma'auni kuma. A shekarar da Bush ɗa ya mamaye Iraƙi, a cikinta ya ƙaddamar da shirin PEPFAR na yaƙi da cutar ƙanjamau, wanda Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka amfana. A shekara ashirin shirin ya ci kimanin dala biliyan 100, an kuma ƙiyasta ya ceci rai miliyan 25. Shugaba ɗaya, shekara ɗaya, baitulmali ɗaya. Wanne ne cikin biyun ya saya wa Amurka mutunci a idon duniya?

Inda lissafin ya iso ƙofarmu

A 2011 ƙungiyar NATO ta yi wa Libiya luguden wuta na wata bakwai. A lissafin Washington yaƙi ne mai araha: dala biliyan ɗaya da 'yan kai, babu sojan Amurka ko ɗaya da ya mutu a fagen daga. An kashe Gaddafi ranar 20 ga Oktoba. Rumbunan makamansa suka zama na mai rabo ka ɗauka, mayaƙa suka gangaro kudu, kafin tsakiyar 2012 arewacin Mali ya suɓuce daga hannun Bamako. Barack Obama da kansa ya ce a 2016 rashin shirya wa abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne babban kuskuren mulkinsa. Ba na cewa duk matsalar Sahel daga Libiya ta zo, muna da namu laifin na rashin adalci da sakaci da karkara. Amma araharsa a Washington, mutanen Gao da Tillaberi ne suka cike gibin da jininsu, kuma babu wani littafin kasafi da ya rubuta wannan.

Daga nan Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadez a kan kimanin dala miliyan 110. Lokacin da aka kashe sojojinta huɗu tare da sojojin Nijar a Tongo Tongo a watan Oktoban 2017, wasu manyan sanatoci, har da Lindsey Graham, suka fito suka ce ba su san ƙasarsu tana da sojoji kusan dubu a Nijar ba. Su ne fa masu sa hannu a kasafin. A watan Maris na 2024 gwamnatin soja ta Yamai ta soke yarjejeniyar, zuwa Satumba sojojin sun kwashe kayansu. A daidai wannan lokaci rahoton ta'addanci na duniya yana nuna cewa kusan rabin waɗanda ta'addanci ke kashewa a faɗin duniya a yankin Sahel suke.

Jama'a, mu da muke zaune a ƙasashen da ke fama da 'yan bindiga ba za mu ce a daina kashe kuɗi a kan tsaro ba. Sojan da ke bakin daga yana da haƙƙin samun makami mai kyau, da albashi a kan lokaci, da kulawa ga iyalinsa idan ya faɗi. Don shi ne ma ya kamata a yi tambaya. Duk lokacin da aka kawo kasafin tsaro, ko aka ce za a tura dakaru wata ƙasa, 'yan majalisa da 'yan jarida da ku masu zaɓe ku nemi a faɗa muku abin da ake so a cim ma, da yadda za a gane an cim masa, da inda kuɗin zai fito, da wanda zai duba rasit. Amurka tana da ofisoshin bincike masu ƙarfi da jaridu masu 'yanci, duk da haka an yanka jiragen dala miliyan ɗari biyar an sayar a kilo. Ku auna abin da zai faru inda babu mai ikon tambaya. Wanda ya ce muku tambayar kuɗin tsaro rashin kishin ƙasa ne, ku tuna masa cewa sojojin bogi ne suka ba da Kabul.

 Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.